Yadda Ake Bin Gida Lungu-Lungu Don Gano Abubuwan da Ke Jawo Ciwon Daji

Wannan aiki ne da mu masu duba lafiyar muhalli muka saba yi a gidajen mutane, amma mafi yawansa mai gida ko uwar gida za su iya yi da kansu a wuni ɗaya, in ban da gwaje-gwaje biyu ko uku da sai an haɗa da ɗakin gwaji. Gado da shekaru da wasu cututtuka suna da nasu kason a ciwon daji, kuma waɗannan ba su cikin abin da za a duba, in ban da ciwon hanta nau'in B da za a yi tambaya a kansa. Abin da ake nema shi ne abin da mutanen gida suke shaƙa, suke ci, suke sha kullum, wanda aka tabbatar yana haddasa cutar, domin a rage shi, a fara da wanda ya fi yawa.

Kayan aiki

- Littafi da biro. A shafin farko ka zana gidan, ko da zanen bai yi kyau ba: ɗakuna, tagogi, ɗakin girki, sito, rijiya ko famfo, wurin janareta, wurin zubar da shara.
- Tocila mai haske sosai, da waya don ɗaukar hoto.
- Takunkumi irin N95 ko FFP2. Idan za ka kusanci asbestos, wato ma'adinin nan mai zare-zare da ke cikin tsofaffin kwanon rufi da silin, sai FFP3 ko P100. Takunkumin ƙyalle da na tiyata ba sa tare ƙura mai laushi.
- Safar hannu ta roba, ledoji masu kauri, salatif, da maka ta rubutu a kan leda.
- Kwalbar fesa ruwa, an ɗiga mata sabulun ruwa kaɗan.
- Farin tire na baza hatsi.
- Na'urar auna danshin hatsi. In babu, busasshiyar kwalbar gilashi mai murfi da busasshen gishiri sun isa.
- Na'urar gwajin iskar radon (iska mai cutarwa da ke fitowa daga ƙasa), irin ƙaramar nan ta roba da ake ajiyewa wata uku.
- Kwalbar ɗibar ruwa daga ɗakin gwajin da za ka kai wa, ko kayan gwajin asenik (wata guba da ake samu a ruwan wasu rijiyoyi) na tafi-da-gidanka.

Mataki na 1: Ka zauna da mutanen gidan kafin ka taɓa komai

Sabon shiga yakan yi ɗokin haska tocila a silin. Ka dakata tukuna, domin rabin aikin a bakin mutanen gida yake. Wa ya fi wuni a gida? Wa ke girki, da wane makamashi, awa nawa a rana, a wane wuri? Akwai mai shan taba ko shisha, kuma a ina yake sha? Yaushe aka gina gidan, an taɓa taɓa rufin? Daga ina ruwan sha yake zuwa? Wata nawa hatsi yake yi a ajiye? Wace sana'a manyan gidan suke yi, wa ke wanke kayan aikinsu? An taɓa yi wa kowa gwajin ciwon hanta nau'in B?

Dalilin waɗannan tambayoyi a taƙaice shi ne: ciwon daji yana farawa idan wani abu ya lalata DNA, wato umarnin da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, jiki kuma ya kasa gyara ɓarnar, har ƙwayar ta shiga hayayyafa ba tsayawa. Jiki yana gyara mafi yawan irin wannan ɓarna. Abin da ke fin ƙarfinsa shi ne maimaituwa, yau da gobe, shekara da shekaru. Shi ya sa yawan abu da daɗewar hulɗa da shi suka fi sunansa muhimmanci, kuma cutar takan bayyana ne bayan shekara 10, 20, har 40.

Ma'aunin da muke aiki da shi na hukumar IARC ne, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya mai binciken ciwon daji, wadda aka kafa a 1965 a birnin Lyon na Faransa. Rukuni na 1 shi ne abin da aka tabbatar yana jawo cutar ga ɗan Adam, 2A wanda ake kyautata zato, 2B wanda zai iya yiwuwa amma hujjar ba ta da ƙarfi, 3 wanda ba a iya yanke hukunci a kansa ba. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar rukuni a matsayin girman haɗari. Rukuni ƙarfin hujja yake nunawa kawai. Naman da aka sarrafa da taba duk suna Rukuni na 1, amma ɓarnarsu ko kusa ba ɗaya ba ce. Za ka sha tambaya a kan wayar salula, wadda aka sa siginarta a 2B a 2011, sau da yawa daga bakin wanda ke tsaye cikin ɗakin girkin da hayaƙi ya turnuƙe. Ka amsa masa cikin ladabi, ka maido da maganar kan hayaƙin.

Mataki na 2: Ka ajiye na'urar radon tun yanzu

Na sa wannan da wuri ne saboda shi ya fi cin lokaci. Radon iska ce mai fitar da tururin nukiliya, tana samuwa daga ruɓewar yuraniyom da ke cikin ƙasa da duwatsu, musamman dutsen giranit. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shigowa ta tsagar daɓe, gefen bututu da mahaɗar bango da ƙasa, ta taru a ɗakin da ba ya samun iska. Bayan taba, tana cikin manyan abubuwan da ke jawo sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na cutar, gwargwadon ƙasa. A 1984 ne lamarin ya farkar da Amurka, lokacin da wani injiniya mai suna Stanley Watras ya riƙa tayar da ƙararrawar gano tururi yana shiga tashar nukiliya ta Limerick a jihar Pennsylvania. Da aka bi diddigi, daga gidansa yake ɗaukowa.

Ka ajiye na'urar a ɗakin kwana ko falo na hawa mafi ƙasa da ake zama a ciki, a kan kanta ko tebur, kamar mita ɗaya daga ƙasa. Ban da ɗakin girki da banɗaki, ban da bakin taga, ban da cikin durowa, ban da inda rana ke duka. Ka rubuta ranar da ka ajiye. A bar ta wata uku, a ci gaba da rayuwa yadda aka saba; wanda ya riƙa buɗe tagogi don sakamako ya yi kyau kansa ya yaudara. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne bekarel 100 (ma'aunin yawan tururin) a kowace kubik mita ta iska, kuma kada a yarda ya haura 300. Kada ka dogara da sakamakon maƙwabci, gidaje biyu masu haɗa katanga suna iya bambanta sosai.

In na'urar ta gagara samuwa, ka tuntuɓi hukumar kula da tururin nukiliya ta ƙasarka ko sashen kimiyyar lissafi da makamashi na jami'a mafi kusa. In hakan ma bai yiwu ba, ka yi abin da za a yi ko da an samu radon ɗin: a liƙe tsagar daɓe da gefen bututu da siminti, a bar iska tana ratsa ɗaki, kada a mayar da ɗakin ƙarƙashin ƙasa wurin kwana. Inda adadin ya yi yawa, sai an sa bututu mai fanka da ke zuƙo iskar daga ƙarƙashin daɓe ya fitar da ita sama da rufi. Mai shan taba da ke zaune a gida mai radon haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25.

Mataki na 3: Ka bi hayaƙi duk inda yake

A ganina nan ne mafi yawan gidaje suke da babbar matsalarsu, don haka kada ka yi sauri.

Ka fara da taba. Hayaƙinta na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo ciwon daji ne. Wanda ba ya sha amma yana zaune da mai sha haɗarin sankarar huhunsa yana ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Buɗe taga ko kunna fanka ba sa warware wannan, shan taba a ɗaki na daban ma haka. Ƙa'idar ɗaya ce: ba a cikin gida ba, ba a cikin mota ba. Ruwan da ke cikin tukunyar shisha sanyaya hayaƙi yake yi, ba ya tace shi, ga kuma hayaƙin gawayin da ke samanta.

Sai ɗakin girki. Ka haska bango da rufi. Kunkunniyar da ka gani ita ce shaidarka, domin abin da ya manne a bango shi mai girki take shaƙa. Tun a 1775 wani likitan Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu share bututun hayaƙi suna kamuwa da sankarar fatar maraina saboda wannan baƙin. Hayaƙin kwal a cikin gida yana Rukuni na 1, na itace yana 2A. A gundumar Xuanwei ta ƙasar Sin an samu sankarar huhu da yawa a tsakanin matan da ba su taɓa shan taba ba, saboda girki da kwal a murhu marar bututu, kuma a gidajen da aka sa bututu cutar ta ragu.

Ka gwada yadda iska take tafiya. Ka kunna ɗan takarda kusa da murhu, ka kashe harshen wutar, ka bi hayaƙin da ido. In ya miƙe ya fita, madalla. In ya taru a sama yana juyawa, ɗakin ba shi da mafita. Taga ɗaya ba ta isa. Ana buƙatar ƙofar shigar iska ta ƙasa da mafita ta sama a bangon da ke fuskantarta.

Gyaran yana hawa-hawa ne. Mafi kyau a koma girki da iskar gas ko lantarki. In babu hali, murhu mai bututun da ya fita waje ya zarce rufi, ana share shi a kai a kai, domin toshasshen bututu cikin ɗaki yake maido da hayaƙi. In wannan ma babu, a fitar da girkin waje ƙarƙashin rumfa. Ko wanne aka zaɓa, a yi amfani da busasshen itace, a rufe tukunya don girki ya yi sauri, a nisanta yara, musamman jaririn da ake riƙe da shi a bakin murhu. Abin da na fi tsawatarwa a kai shi ne hura wuta da leda, roba ko guntun taya. Haka nan katakon da aka yi wa fenti, da wanda aka jiƙa da maganin gara mai launin kore-kore, wanda yakan ƙunshi asenik, da baƙaƙen katakon layin dogo da turakun waya: duk ba na wuta ba ne. Sannan kada a bar man suya ya yi zafi har yana hayaƙi, tururin suya mai tsananin zafi yana 2A.

Daga nan ka fita tsakar gida. A 2012 aka sa hayaƙin dizal a Rukuni na 1, a 2013 aka sa gurɓatacciyar iskar waje. Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, salansa tana kallon waje. Wanda aka sa a baranda ko lungun bene yana da wani haɗarin da ba ya jiran shekaru, wato iskar kabon monoksaid mai kashe mutane cikin barci; gawayi mai ci a rufaffen ɗaki ma haka yake yi. Ka nemi inda ake ƙona shara. Ƙona robobi a wuta mai cin ƙasa-ƙasa yana fitar da dayoksin, wanda ke sauka a ƙasa ya daɗe, ya shiga kitsen dabbobi da ƙwan kajin da ke kiwo a wurin. A ware robobi a ba masu sake sarrafawa, a binne mai ruɓewa ya zama taki.

Mataki na 4: Ɗakin ajiyar abinci

Ka sa takunkumi kafin ka buɗe buhu. Abin da kake nema aflatoksin ne, gubar da wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus take fitarwa a masara, gyaɗa, busasshen barkono, 'ya'yan itatuwa masu ɓawo da sauran kayan ajiya idan zafi da danshi suka haɗu. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 daga cin abincin da aka haɗa da garin gyaɗar Birazil. Mai yawa tana kisa nan take: a 2004 a gabashin Kenya mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara. Kaɗan-kaɗan na shekaru kuwa sankarar hanta take jawowa.

Ga yadda ake dubawa. Ka ɗebo daga saman buhu, da tsakiya, da ƙasa, musamman ɓangaren da ya jingina da bango ko ya taɓa daɓe. Wanda ya ɗebi saman buhu kawai bai duba komai ba, domin gubar ba ta bazuwa daidai. 'Yan ƙwayoyi kaɗan suna iya ɗauke da kusan dukkanta. Ka baza a farin tire cikin haske. Ka tsince wanda ya yamutse, wanda ya canza launi, wanda ya fashe, wanda ƙwari suka huda, da mai ƙurar kore ko ruwan ɗorawa. Ka sansana daga nesa. Warin gumi ko na ruma alama ce. Sai dai ka sani hatsi yana iya yin kyau a ido alhali da guba a cikinsa, don haka tsincewa ragewa take yi sosai, tabbaci kuwa sai ɗakin gwaji.

Sannan ka auna danshi. Masara ba ta shiga buhu sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka, gyaɗar da aka ɓare kuwa kusan kashi 7. In babu na'ura, ka zuba hatsi ya kai kashi ɗaya cikin uku na kwalbar gilashi, ka ƙara gishiri cokali biyu ko uku, ka rufe, ka girgiza minti ɗaya, ka bari kamar minti 15, ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Ka tabbata kwalbar da gishirin a bushe suke ƙarau, in ba haka ba gwajin zai yi maka ƙarya.

Kurakuran da ake maimaitawa a nan su ne waɗannan. Ana ɗauka dafawa ko soyawa yana kashe gubar. Wuta tana kashe fumfunar, gubar tana nan. Ana niƙa mai kyau da marar kyau tare don kada a yi asara, sai a gurɓata duka. Ana ba shanu ko kaji abin da aka tsince, alhali gubar tana fitowa a madara. A binne shi da zurfi. Ana shanya a ƙasa tsirara, inda fumfunar take zaune, maimakon a kan tamfol. Ana ɗura hatsi a buhu da zafin rana a jikinsa, sai ya yi gumi a ciki. Ana kuma zuba hatsi mai danshi a buhun nan mai leda biyu da ba ya shan iska. Buhun yana da kyau ƙwarai, amma ga busasshen hatsi kaɗai. Buhuna a kan katako suke zama, da tazara tsakaninsu da bango, a ɗakin da rufinsa ba ya yoyo. Ga mai saye, gara ya sayi ƙwaya da idonsa zai gani ya niƙa da kansa, da ya sayi garin da bai san me aka niƙa ba.

Yanzu ka koma ga tambayar ciwon hanta nau'in B. Wanda ke ɗauke da ƙwayar cutar kuma yana cin aflatoksin, haɗarinsa yana iya kaiwa ninki 30 na wanda ke cin gubar kaɗai. Gwaji ga manya da allurar rigakafi ga wanda bai kamu ba, musamman jarirai, suna cikin gyaran wannan sito kamar yadda katakon ƙarƙashin buhu yake ciki.

Mataki na 5: Rufi, silin da tsofaffin bututu

Da ido kawai za ka yi wannan. Asbestos ma'adini ne mai zare-zare da aka daɗe ana cakuɗawa da siminti a yi kwanon rufi mai toka-toka, allon silin, bututun ruwa, da abin naɗe tukunyar zafi. Duk nau'o'insa suna Rukuni na 1, har da farin da wasu ke cewa ba shi da illa. Yana jawo sankarar huhu, ta maƙogwaro, ta ƙwan mace, da ta fatar da ke lulluɓe huhu. Ƙasashe fiye da 50 sun haramta shi, Birtaniya ta kammala haramcinta a 1999, amma wanda aka riga aka sa yana nan a gine-gine.

Ido ba ya bambance allo mai asbestos da marar shi, sai na'urar hangen ƙananan abubuwa. Don haka duk tsohon allon siminti mai zare ka ɗauke shi a matsayin yana da shi. In lafiyarsa ƙalau, bai fashe ba, ba ya zubar da gari, a bar shi a wurinsa, a shafe shi da fenti ba tare da an kankare ba, a rubuta a littafi don mai gyara na gaba ya sani. Mutane da yawa suna jin sunan sai su ce a fasa a fitar, kuma ranar fasawar ce ranar da suka fi shaƙarsa. Ba a huda shi, ba a yanka shi da injin, ba a goge shi da buroshin ƙarfe, ba a wanke shi da ruwa mai ƙarfi.

In ka tarar da guntaye a ƙasa, ka fitar da kowa, ka rufe ƙofa, ka kashe fanka, ka sa takunkumin FFP3, ka fesa ruwan sabulu har su jiƙe, ka ɗauka da hannu mai safa, ka sa a leda biyu, ka liƙe, ka rubuta abin da ke ciki. Ka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma ka haɗa shi cikin ledar. Ban da tsintsiya, ban da injin zuƙar ƙura na gida. Cire rufi ko silin gaba ɗaya aikin ƙwararru ne, kuma hukumar muhalli ce za ta faɗi inda ake kai shi. Kada a yi cikon hanya da ɓaraguzansa.

Mataki na 6: Ruwan sha

Mai ruwan famfo na hukuma ya nemi sakamakon gwajinsu. Mai rijiya ko burtsatse kuwa shi ne hukumar kansa. Asenik ba ya canza launin ruwa ko ɗanɗanonsa, kuma shan sa na shekaru yana jawo sankarar fata, mafitsara da huhu. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse tun daga shekarun 1970 don a tsira daga cututtukan gudawa, sai a 1993 aka tabbatar da asenik a ruwansu. Daga baya aka riƙa shafa wa famfo mai guba jan fenti, mai kyau kuma kore. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikurogiram 10 a lita.

Ka bar ruwan ya zuba na 'yan mintuna kafin ka ɗiba, ka cika kwalbar ɗakin gwaji, ka rubuta rana da wuri. Kayan gwaji na hannu suna nuna mai yawa, amma ba su da tabbas a kusa da iyaka. Ka fi matsa wa wannan gwaji a yankin haƙar ma'adinai, ko in ka ga kauri kamar kanta a tafin hannu da tafin ƙafar mutanen gida da ɗigo-ɗigon baƙi a jiki. Tafasawa ba ta cire asenik, ƙara masa ƙarfi ma take yi saboda ruwa ne ke tafiya. Kulorin ma ba ya cire shi, ko da yake ana ci gaba da sa shi don ƙwayoyin cuta. In an samu, a sauya ruwan sha da na girki: wata rijiyar da aka gwada, ruwan sama da aka tara da tsabta, ko matatar da aka rubuta a jikinta tana cire asenik. Wanka da wanki da shi babu laifi.

Mataki na 7: Gareji da kantar sinadarai

Fetur yana ƙunshe da benzin, mai jawo sankarar jini. Kada a ajiye jarkarsa a ɗakin da ake kwana, kada a zuƙo shi da baki ta tiyo, kada a wanke hannu da shi. Baƙin mai ma ba abin barin sa a fata ba ne.

Ka ɗauko kowace kwalbar maganin ƙwari da na ciyawa ka karanta sunan sinadarin da ke ciki, wanda ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe, domin sunan kasuwa ba ya gaya maka komai. A 2015 aka sa lindane a Rukuni na 1, aka sa DDT da glyphosate da malathion a 2A. Wadda ba ta da takarda a jikinta, ko aka juye a kwalbar lemo, a fitar da ita daga gida. Jarkar magani ba ta zama ta ruwa ko ta man girki komai wankin da aka yi mata.

Sabbin kayan ɗaki na matsattsen garin katako suna fitar da fomaldehaid daga gam ɗinsu, zafi da danshi kuma suna ƙara shi. Warin nan mai yaji a ido shi ne. A bar su a wuri mai iska na 'yan makonni kafin a sa a ɗakin yara.

Mataki na 8: Abin da ake shigowa da shi daga wurin aiki

A 1960, a Afirka ta Kudu, likitoci suka samu sankarar fatar huhu har a jikin mutanen da ba su taɓa aiki a mahaƙar asbestos ba, kusa da ita kawai suka zauna. An kuma same ta a matan da ke kakkaɓe kayan aikin mazajensu. Mai fasa dutse, kafinta, mai walda, mai fenti, makanike da mai feshi a gona su canza kaya a wurin aiki, a wanke kayan daban ba tare da kakkaɓewa ba. Ƙurar katako da ƙurar dutse duk suna Rukuni na 1, hayaƙin walda ya shiga a 2017. In bitar tana cikin gida, a raba ta da wurin zama, a riƙa jiƙa dutse ko tayil kafin a yanka.

Rana ma tana Rukuni na 1. Duhun fata yana karewa sosai, amma in akwai zabiya a gidan, wannan ya koma sahun farko: hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, man shafawa na kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, guje wa rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, da kai duk wani gyambon da ya ƙi warkewa asibiti da wuri.

Mataki na 9: Ka jera, ka zaɓi uku

Kada ka miƙa wa mai gida jerin abubuwa ashirin, ba zai yi ko ɗaya ba. A kan kowane abu da ka rubuta ka tambayi kanka: an tabbatar da shi ne ko zato ne, kullum ake hulɗa da shi ko jefi-jefi, kuma mutum nawa yake shafa, da yara a ciki? Uku da suka fi nauyi su za ka sa a gaba, kowanne da sunan wanda zai yi da ranar da za a gama. Wajen gyara, a fara neman kawar da abin baki ɗaya. In ya gagara a nisanta shi ko a ba shi mafitar iska. Takunkumi shi ne na ƙarshe, don shi ya fi saurin gajiyar da mutane.

In a cikin hira ka ji akwai mai tarin da ya wuce mako uku, ko tari da jini, dashewar murya da ta ƙi tafiya, rama ba dalili, kumburi a wani wuri, idon da ya yi rawaya ko jini a fitsari, ka ce ya ga likita ya kuma faɗa masa sana'arsa da abin da ka gano a gidan. Galibi ba ciwon daji ba ne, amma ba kai za ka yanke hukunci ba.

Bayan wata uku ka koma ka ɗauki na'urar radon, ka rubuta ranar ɗauka, ka liƙe ta a ledarta ka aika ɗakin gwaji ba tare da jinkiri ba. A wannan zuwan ka sake gwajin hayaƙin takarda a ɗakin girki da na gishiri a sito. In an yi gyaran radon ko an sa matatar ruwa, sai an sake gwaji kafin a ce gyaran ya yi. Sito kuwa ana sake duba shi duk lokacin da sabon hatsi ya shigo, da kuma watannin da iska ta fi danshi.